Ga ɗan'uwan da aka maido daga Jidda: nemo dalilin tukuna, kuma kada ka taɓa sunanka

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tun da asuba na ga tambayarka, na kuma ga amsoshin da aka fara ba ka, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tawa ko da za ta yi tsawo, domin abin da ya same ka ya taɓa samuna. Ga waɗanda ba su gani ba, ɗan'uwanmu ya ce bara ya tafi Umara, aka tsare shi a filin jirgin Jidda, aka maido shi gida ba tare da an yi masa wani bayani ba. Yanzu Allah ya sake hore masa kuɗin, ejan ɗinsa kuma yana cewa ya yi sabon fasfo, a juya sunan, a ɗan taɓa shekarar haihuwa, ya tashi ta wata ƙasa maƙwabciya. Yana tambaya ko hakan zai yi, ko kuwa ƙofa ta rufe masa ke nan.

Allah ya mayar maka da alheri, ya sa kaffara ce. Amma don Allah ka ajiye shawarar ejan ɗin nan a gefe, ka saurare ni.

Ni a 2018 abin ya faru da ni. Na ba wani mutum kuɗi da fasfo, mutumin da abokan kasuwa suka ce yana fitar da biza da wuri kuma da sauƙi. Ana gobe tafiya ya kawo mini takarda, ban tsaya na sa an karanta mini abin da ke jikinta ba, zumuɗi ya hana. Na ɗaura haramina a cikin jirgi kamar kowa, aka yi ta talbiyya har muka sauka. Da layi ya zo kaina, jami'in ya ɗauki zanen yatsuna, ya ɗauki hoto, ya dubi kwamfuta, sai ya tambaye ni wane kamfani ne ya gayyato ni. Na ce Umara na zo. Ya sake tambaya, na sake cewa Umara. Ashe bizar da ke hannuna ta ziyarar kasuwanci ce, an ɗora ta a kan sunan wani kamfani da ban taɓa jin labarinsa ba. Bakina yana faɗin abu ɗaya, takardata tana faɗin wani. Aka ce in koma gefe. Na kira ejan, waya a kashe.

Kwana ɗaya da yini na yi a wani ɗaki tare da mutanen ƙasashe daban-daban, fasfona yana hannunsu, ban sake ganinsa ba sai a hannun ma'aikatan jirgi. Ka'idar sufurin jiragen sama ta duniya ke nan, kamfanin da ya kawo fasinjan da aka ƙi karɓa shi ke da alhakin mayar da shi. Abin da ya fi yi mini ciwo ba kuɗin ba ne. Haramin nan ne da ke jikina, ga Makka tafiyar sa'a ɗaya ko sama da haka kaɗan a mota, amma ba hali. A ɗakin akwai wani dattijo da ya ga hawaye a idona, ya ce da ni cikin Larabcin da nake ɗan tsinta, ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ma an tare shi a Hudaibiyya yana cikin harami, ya koma Madina, shekara ta zagayo ya dawo ya yi Umararsa. Maganar nan ita ta riƙe ni har na sauka Kano. Na shigo gida da dare don kada maƙwabtan da suka raka ni su gan ni. Na san kai ma ka ɗanɗani wannan kunyar, kuma ina gaya maka ba abin kunya ba ne.

To ga abin da na koya a shekaru biyar ɗin da suka biyo baya, kafin in koma.

Mutanenmu suna haɗa abu biyu su kira su da suna ɗaya, wai "an yi masa difot". Alhali wanda aka hana shiga tun daga bakin ƙofa daban, wanda ya shiga ya zauna ya wuce wa'adi aka kama shi aka kai shi tarhil, wato wurin da ake tsare waɗanda za a fitar daga ƙasar, a Shumaisi tsakanin Jidda da Makka, daban. Na biyun akwai hukunci a kansa, an rubuta shi da yatsunsa, kuma akwai wa'adin da ba zai sake shiga ba. Misali a 2025 hukumomin Saudiyya sun sanar cewa wanda aka kama yana neman yin Hajji ba tare da izini ba zai iya biyan tarar da ta kai riyal 20,000, a fitar da shi, a hana shi shiga ƙasar shekara 10. Na farkon kuwa, sau da yawa matsalar a jikin tafiyar take, ba a jikin mutumin ba: biza ba irin wadda ta dace ba, lambar fasfo ba ta yi daidai da ta jikin biza ba, fasfo saura ƙasa da wata 6 ya ƙare, babu tikitin dawowa, babu katin rigakafi. Irin wannan idan an gyara, an gyara.

Ku tuna 2012, lokacin da aka tsare mata maniyyata 'yan Najeriya sama da 1,000 a Jidda da Madina saboda maganar muharrami, aka maido da dama daga cikinsu. Dalilin nan na tafiyar ne, kuma ga shi daga baya Saudiyya da kanta ta sassauta, mace tana iya zuwa Hajji da Umara ba tare da muharrami ba. Ku tuna kuma watan Nuwamba na 2023, da jirgin Air Peace ya sauka Jidda da fasinjoji 264, aka bar 87 suka shiga, aka maido 177. Bayanin da ofishin jakadancin Saudiyya ya fitar a lokacin shi ne an ba da bayanan da ba daidai ba don a sami nau'in bizar da ba ta dace da masu ita ba. Da na ji labarin sai da jikina ya yi sanyi, don irin ramin da na faɗa ke nan. Ina kyautata zaton da yawa a cikinsu ba su ma san me aka cike da sunansu ba, kamar yadda ni ban sani ba.

Saboda haka tambayar da ya kamata ka fara yi wa kanka ita ce, me ya sa aka maido ni? Ka ce ba a yi maka bayani ba, na yarda, ni ma ba wanda ya zaunar da ni. Amma akwai alamu. Ɗauko tsohuwar bizar, ka kai wa wanda ya iya Larabci ya karanta maka nau'inta da sunan wanda aka ce ya gayyace ka. Duba fasfonka shafi-shafi ko an buga wani hatimi ko an yi rubutu da biro. Tuna tambayar da jami'in ya maimaita maka, don yawanci a nan matsalar take. Sannan ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: ka taɓa zuwa a baya ka ƙara kwanaki a kan wa'adi? Fasfonka ya taɓa ɓata? Ka taɓa ba wani ya riƙe maka shi na tsawon lokaci? Akwai kuma matsalar kamanceceniyar suna, wadda ta fi damun irinmu masu Muhammad da Abubakar da Usman, inda sunanka zai yi daidai da na wani da ake nema. Wannan ma zanen yatsa ne ke wanke mutum daga gare ta.

Yanzu maganar sabon fasfo da juya suna. A da can, zamanin 'yan Kano-Jidda, an yi haka an sha, a maido mutum yau, bayan wata uku ya koma da wani suna. Wannan zamanin ya wuce. Ranar da ka ɗora yatsunka a kan gilashin nan, an adana su tare da hotonka da sunan da ka zo da shi. Ka tashi ta Yamai, ka tashi ta Injamena, ka tashi ta Alƙahira, yatsun nan dai su za ka ɗora. Idan suka fito da suna biyu da shekarar haihuwa biyu, ka tashi daga mutumin da aka yi wa kuskuren biza ka koma mutumin da ya zo da takardun bogi, kuma wannan laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da aka yi wa wannan dabarar bayan an taɓa fitar da ita ta tarhil. Ta sayar da filinta na gado, ba ta wuce kantar jami'in ba, ta dawo ba fili ba Umara. A gida ma yanzu fasfo a ɗaure yake da lambar NIN, sai bayanan sun yi daidai, kuma yin ƙarya don a sami fasfo laifi ne a dokar shige da fice. Ejan ɗin da ya ba ka wannan shawara ba shi zai tsaya a gaban jami'in ba. Ni da zan faɗa maka son raina, ka rabu da shi gaba ɗaya, musamman in shi ne ya yi maka ta bara.

Idan fasfonka ya ƙare ne, ka sabunta shi da sunanka na gaskiya, ba laifi, kuma ka tafi da tsohon a jaka.

Ga yadda na yi a 2023. Na nemi kamfanin da ke da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, na je ofishinsu da ƙafata, na ga takardar lasisin da idona. Kafin in biya ko kwabo na ba su labarin 2018 duka, na nuna musu tsohuwar bizar. Na roƙe su su tambayi abokan hulɗarsu na can ko akwai wani abu a kan sunana. Da biza ta fito na sa aka karanta mini ita layi-layi: nau'inta Umara, suna daidai, lambar fasfo daidai. Na buga komai a takarda, tikitin zuwa da dawowa, shaidar otal a Madina da Makka, lambar wayar wakilin kamfanin, katin rigakafin shawara da na sanƙarau. Kada ka dogara da waya kaɗai, caji yana ƙarewa, intanet yana ƙin kamawa a daidai lokacin da kake buƙatarsa. In kana da shakka mai ƙarfi, akwai ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya a Kano, akwai babban a Abuja, ka rubuta musu a takarda ka ajiye kwafi.

Wata shawarar da wani malami ya ba ni, wadda na ji daɗinta ƙwarai, ita ce in fara da Madina. Wanda ya sauka Madina ba ya ɗaura harami a jirgi, sai ya shiga ƙasa, ya yi ziyararsa, ranar tafiya Makka ya ɗaura a Zul Hulaifa, inda ake kira Abyar Ali. Ka ga ko da wani abu ya faru a filin jirgi, Allah ya kiyaye, ba ka shiga cikin ibadar ba tukuna. Af, wannan ya tuna mini: in har bara kana cikin harami aka maido ka, ka je wurin malamin da ka amince da shi ka tambayi hukuncin wanda aka tsare, tun kafin wannan tafiyar. Ni sai da na dawo da makonni na san akwai abin tambaya a wurin.

Ba zan ɓoye maka ba, da na tsaya a layi a Madina gwiwoyina rawa suke. Na ɗora yatsu, jami'in ya daɗe yana kallon kwamfuta, ya kira wani. Aka ce in zauna a gefe. Wajen minti arba'in ina salati. Wani ya zo ya tambaye ni ko na taɓa zuwa. Na ce e, a 2018, aka maido ni daga Jidda saboda bizar da aka yi mini ba ta Umara ba ce, ga tsohon fasfon. Ya karɓa, ya shiga ciki, ya fito, ya buga hatimi ya miƙo mini. Da na ce ban taɓa zuwa ba, alhali abin yana gabansa a rubuce, Allah kaɗai ya san inda zan kwana ranar. In an tambaye ka, ka amsa abin da aka tambaya, a taƙaice, ba rantse-rantse, ba ɗaga murya, ba kuma miƙa wa kowa wani abu.

Ka sani kuma biza izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai, jami'in da ke wurin shi ke da ta cewa, a Saudiyya da ko'ina. Don haka babu mai iya yi maka alkawarin ɗari bisa ɗari, duk wanda ya yi maka kuwa kuɗinka yake so. Haka nan in wata rana za ka nemi bizar Birtaniya ko Kanada, fom ɗinsu yana tambaya ko wata ƙasa ta taɓa hana ka shiga. Ka rubuta e, ka yi bayani. A Birtaniya ɓoye irin wannan yana iya jawo hanin shekara 10.

In kuma bincikenka ya nuna akwai wa'adin hani a kanka, ka haƙura ya cika, ka juya kuɗin a kasuwa ko ka biya wa mahaifiya ta je in tana raye.

Ka dawo ka faɗa mana nau'in bizar da ke jikin takardar bara, da abin da jami'in ya tambaye ka, da ko ka taɓa zuwa kafin nan. In za ka turo hoto ka rufe suna da lambar fasfo. Akwai masu Larabci a cikinmu, za a karanta maka in sha Allahu.