Ɗakin soro da gayauna: amsar Kawu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ya karatu, ya mutanen gida? Ka ce babanku ya fitar da ƙanenka daga cikin gida ya mai da shi ɗakin soro yana ɗan shekara 15, tun daga nan kuma yaron ya yi taurin kai, sai an kira shi sau uku kafin ya amsa. A ganinka an sake shi da wuri, kana son sanin ko al'adar nan tana da wani amfani.

Ba sakin shi aka yi ba. Addini ma ya ce a raba wa yara makwanci tun suna shekara 10, balle wanda ya balaga. Soro kuwa makaranta ne. Wanda ke kwana can shi ke amsa sallama, shi ke shimfiɗa wa baƙo tabarma ya kawo mashi ruwa, yana rakuɓe gefe ana sasanta mata da miji ko ana rabon gado. Ba wanda zai zaunar da shi ya ce ga yadda ake magana da manya, da kunnenshi zai ɗauka.

Sai dai soro rabin al'adar ne. Ɗaya rabin shi ne gayauna, ita ce kuma ku 'yan birni ba ku tarar ba. A da, a ƙauyukanmu, irin su Batagarawa da Rimi, saurayi yana noma gandun ubanshi tun safe har wajen azahar, uban kuma shi ke ciyar da shi, ya biya mashi haraji, ya yi mashi auren fari. Amma za a yanka mashi 'yar gona tashi ta kanshi, ita ce gayauna, ya riƙa zuwa da yamma. Gyaɗa ce ko wake, abin da ya noma nashi ne, ya sayar ya ɗinka rigar sallah ko ya tara kuɗin keke. Uba ba ya leƙa ta. In yaro ya yi ta barci ciyawa ta cinye shuka, duk mai wucewa ya san gonar wa ce, wannan kunyar ta fi bulala shiga jiki. Ɗiya mace ita ma ana ba ta akuya, a sa ta adashi, a sakar mata tukunyar gida wata rana ko da za ta ƙona tuwon. Da kaɗan-kaɗan ake ɗora wa yaro kaya, a ja da baya a ga yadda zai ɗauka.

Taurin kan nan na shekarun ne. Likitoci sun tabbatar sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke sa mutum ya tsaya ya auna kafin ya aikata, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Kakanninmu ba su da na'urar ɗaukar hoton kai, amma sun ce ƙuruciya dangin hauka.

Za ka ce ai hali zanen dutse ne. Akwai gaskiya ciki: mai shiru-shiru da wuya ya koma sarkin surutu, mai zafin rai ba ya wayar gari ya yi sanyi. Abin da ke canjawa tsakanin shekara 15 da 25 shi ne inda mutum ke kai halin nashi. Na sha ganin mai zuciyar da ake kuka da shi yana saurayi, da ya yi iyali ya zama shi dangi ke turawa gaba in za a ci masu haƙƙi. (Kai ma, in ba ka manta ba, ba waliyyi ba ne a shekarun nan.)

Abin da ke damuna daban ne. Gonakin bakin gari sun koma filotai, na wajen Batsari da Jibiya kuma 'yan bindiga sun hana mutane sakewa. Sai ya zama yaro yana da ɗaki da waya, ba shi da abin da zai lalace in ya yi sakaci. Wannan ita ce sakin da ya kamata ka ji tsoro.

Don haka ka faɗa wa babanku, da ladabi, in ji ni: ya sayo wa yaron ɗan rago a kasuwar Mai'aduwa ya yi kiwo zuwa Babbar Sallah, ribar tashi ce. Dusa da harawa duk a wuyanshi. Kai kuma in ka zo hutu ka ga ragon ya rame, kada ka ba shi ko ruwa.

Ka gaishe da innarku.

Kawunka, daga Katsina