Amsa ga mai neman zango tsakanin Landan da Cannes

Malam, sannu da ƙoƙari. Tun shekaranjiya na ga tambayarka, sai yau na samu zama. Ga waɗanda ba su karanta ba: ƙaramin jirgin sama ƙirar Piper Archer gare shi, su uku ne, za su tashi daga wani ƙaramin fili kusa da Landan zuwa Cannes a kudancin Faransa, kuma bai taɓa ƙetare iyaka yana riƙe da jirgi da kansa ba. So yake ya sauka sau ɗaya tak a tsakiyar Faransa bayan kamar awa uku a sama, ya sha mai a can, jami'an kwastam da na shige da fice su sallame shi a can, ya wuce.

Shawarata ita ce ka raba shan mai da maganar iyaka. Taura biyu ba sa taunuwa. Ka gama da maganar iyaka da wuri, a filin farko da ka tarar bayan ka haye ruwa, lokacin tankunanka suna cike. Zangon mai kuma ka bar shi can gaba, inda ranar ta nuna maka.

Dalilina shi ne abubuwan biyu ba ubangida ɗaya suke yi wa biyayya ba. Mai yana bin iska da nauyi da yadda ka saita injin. Kwastam kuwa agogo da takarda suke bi: ka ce musu fili kaza, ƙarfe kaza, to sai can, sai lokacin. Idan ka ɗaura su a wuri ɗaya, ka kai kanka inda manka ya yi ƙasa a daidai lokacin da doka ta ƙuntata maka wuraren sauka. Faransa cike take da ƙananan filaye, amma kaɗan ne daga cikinsu ke da izinin karɓar wanda ya shigo daga wajen yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ba a duba fasfo a tsakaninsu. Su ne Faransawa ke kira PPF. Kafin ka taka ɗaya daga cikinsu, duk sauran filayen da kake gani ƙarƙashinka kallo ne kawai naka.

Na taɓa yin irin lissafinka, shi ya sa na damu. A takarda komai ya zauna daidai: awa uku da 'yan mintoci, na aika sanarwa tun jiya, na ji daɗin kaina. Iska ta taso mini ta gaba fiye da abin da aka yi hasashe, ta cinye mini kusan minti 25. Da na kusa, sai ga gajimare ya sauko ya lulluɓe filin. Filaye biyu na gani a kusa, rana fes a kansu, suna da mai, amma ba wanda ke karɓar baƙon waje. Abin da ya tsorata ni daga baya shi ne tunanin da ya zo mini a lokacin, wai in sunkuya ƙarƙashin gajimaren in lallaɓa, don kawai jami'ai na jira. Allah Ya taimake ni ban yi ba. Na karkata zuwa wani babban fili, na biya kuɗin da ban shirya biya ba, na sauka da man da bai fi na minti 40 ba. In da lamarin ya fi haka tsanani, da na sauka a fili mafi kusa na kira hukuma na yi bayani, kuma kai ma haka za ka yi. Tambayoyin jami'i sun fi injin da ya mutu a sama sauƙi. Amma tsari mai kyau shi ne wanda ba zai kai ka ga wannan zaɓin ba tun farko.

To ina? Daga inda kake, yawancin mutane Le Touquet suke nufa, wasu Calais, masu bi ta yamma kuma Deauville ko Cherbourg, duk a gaɓar arewacin Faransa. Ta mashigin Dover ruwan bai wuce mil 18 na teku ba, ka sa rigar ceto tun kafin ka tada injin. Idan Le Touquet ta rufe, Calais na nan kusa, in ma duk gaɓar ta lalace ka juya Lydd, a gaɓar Ingila, da mai mai yawa a hannunka. Wannan shi ne gwajin da nake yi wa kowane zangon kwastam: akwai wani na biyu da zan iya kaiwa ba tare da na taɓa man ajiya ba? In babu, ba zangona ba ne.

Za ka ce to ai sauka biyu ke nan. Haka ne. Tafiyar ta kai mil 550 na teku. Archer na ɗaukar galan 48 na Amurka mai amfani, tana shan kusan galan 10 a awa, gudunta wajen mil 110 zuwa 120 na teku a awa. Da mutum uku da kaya, ka auna nauyinka da kyau, wataƙila ba za ka iya cika tanki ba. Cikakken tanki lita 182 ne, kusan kilo 131. In ka tsaya a kan alamar ƙarfen nan da ke cikin tankin, galan 34 ke gare ka. Cire ajiya, ka ga awa uku ma sai da kyar. Doka ta ce a bar ajiyar man minti 30 da rana, 45 da dare, ni dai awa guda nake bari a ƙasar da ban saba da ita ba. Kuma ka kula, kai da galan kake tunani, famfo da lita yake ƙirgawa: galan ɗaya na Amurka lita 3.785 ne. Ka rubuta adadin litar a takarda kafin ka fita daga jirgi.

Kyawun sauka ta biyu shi ne ba ta da alƙawari da kowa. Ka riga ka shiga ƙasa, kowane fili da aka buɗe wa jama'a naka ne. Ka ware uku a kan hanyarka, ka zaɓi ɗaya da safen bisa yanayi. Kwarin Rhône na da iskar mistral mai busowa daga arewa da ƙarfi, a tafiya tana tura ka, a dawowa tana karɓar abinta da riba.

Sai dai "akwai mai" a manhaja ba ya nufin mai zai shiga tankinka. Ka buɗe littafin AIP na ƙasar, wato kundin hukuma na bayanan filayen jirgi, shafin filin: sashen AD 2.3 na ba ka lokutan aiki, har da na kwastam da na sayar da mai, AD 2.4 kuma ya faɗi irin man. Kai 100LL kake nema, mai launin shuɗi. Fili zai iya samun Jet A-1 kaɗai, man jiragen jet, wanda in ya shiga injinka ya gama da shi, don haka tsaya a wurin ana zubawa. Sannan ka duba NOTAM, wato sanarwar da ake fitarwa ga matuƙa jirgi, a nan ake sanar da famfon da ya lalace. Famfuna da dama a ƙananan filayen Faransa na sha-da-kanka ne, wasunsu katin kamfanin mai kawai suke karɓa, kamar na TotalEnergies ko Air BP, katin bankinka ba zai yi ba. Wasu filayen kuma da tsakar rana ba kowa a ofis, kuma in ba mai amsa rediyo a ƙasa, akwai inda da Faransanci kawai ake magana. Kiran waya na minti biyu yana warware duk wannan. Ni ban taɓa tashi ban kira ba tun daga ranar da gajimare ya sa na karkata.

Lokutan AIP da UTC suke, wato agogon bai ɗaya na duniya. Da bazara Faransa na gaba da shi da awa biyu, Ingila da awa ɗaya. Wa'adin sanarwa ga kwastam ya bambanta daga fili zuwa fili, wani awoyi kaɗan, wani kwana guda ko fiye, kuma ƙarshen mako yakan ƙara tsawo. Ka adana shaidar saƙon da ka aika. Ko ba wanda ya fito duba ka, ita ce hujjarka.

Wani abu da ke rikita mutane: kwastam daban, shige da fice daban. Birtaniya ba ta taɓa shiga Shengen ba, kuma tun 1 ga Janairu 2021 ta fita daga tsarin kwastam na Tarayyar Turai, don haka duka biyun sun hau kanka. Idan daga Cannes sha'awa ta ɗebe ka zuwa Suwizalan, fasfo ba matsala tunda tana cikin Shengen, amma maganar kwastam ta sake tashi.

A dawowa ma ta filin PPF za ka fita, jami'ai su sallami kowa. Ingila kuma tana son takardar GAR, wato bayanin jirgi da mutanen cikinsa, ta intanet, tsakanin awa 48 zuwa awa 2 kafin ka tashi, kuma tun Afrilun 2024 akwai tara ga wanda ya saɓa. Ka turo mana nauyin jirgin ba kaya da na mutanenka ukun, mu duba ko cika tanki zai yiwu daga Le Touquet.