Ɗan tsako za a saya ko babban zakara?

Tambaya: Ɗana mai shekara 9 ya matsa mini sai na saya masa kaji ya yi kiwo, kuma so yake su saba da shi har ya riƙa ɗaukarsu. Babban zakara da kaza zan saya masa, ko 'yan tsaki? Daga wata uwa a Jekadafari, Gombe.

Amsa: Hajiya, in dai sabo ake nema, ki bar babban zakaran kasuwa. Ya riga ya girma da halinsa, ga shi ya sha ɗauri da riƙon ƙafa kai a ƙasa, don haka hannun mutum a wurinsa abin gudu ne. 'Yan tsakin kwana ɗaya kuwa sun fi kowa saurin sabo, amma aikinsu ya fi ƙarfin yaro. A makon farko suna son ɗumi kusan digiri 32 zuwa 35, ga rigakafin Lasota da Gumboro, kuma sanyin dare ɗaya na hunturu ya isa ya kwashe su.

Ni da zan zaɓa miki, sai in ce ki nemi 'yan mako 4 zuwa 5 waɗanda suka fita daga ɗumi, wajen mai kiwon da zai faɗa miki rigakafin da ya yi musu da ranakunsa. Noila, wani irin kajin zamani, tana da sanyin hali, tana kuma jure kiwon gida. Kajin Hausa sun fi ta iya nemar wa kansu abinci da kauce wa shaho, sai dai suna da tsoron mutum. Ki duba mai ido garau, mai kuzari, wanda bayansa babu kashi a manne. Wanda ya takure ya saki fukafukai, ko kyauta ne ki bar shi. In akwai kaji a gidan, ki ware baƙin na mako 2.

Sauran aikin na yaron ne. Ya riƙa tsugunawa kullum a lokaci guda da ɗan gero a tafin hannu, ya yi kiran da za su gane, kada ya bi su da gudu. Kada kuma ya kawo hannu ta sama, domin ta haka shirwa take sura, jikinsu ya san wannan tun daga ƙwai. In zai ɗauka, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya a kan fukafukai, ba tare da matsewa ba. Da motsin ƙirji kaza take numfashi, kuma yara da yawa da ƙauna suke shaƙe ɗan tsako. Bayan ya gama ya wanke hannu da sabulu. Ki kuma gaya masa tun yanzu cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kada ranar Sallah a yi ta kuka.

Tambaya: Zakarana ya fara kai wa ƙaramar 'yata sara. In ci gaba da horar da shi ko in sake wani? Daga wani magidanci a Yalwa, Bauchi.

Amsa: Malam, da a ce ɗan wata 5 ko 6 ne da ya fara cara yana gwada ƙwanji a kan manya, da na ce ka kama shi da daddare a akurki, ka riƙa riƙe shi a hammata na 'yan mintoci kullum, ba duka ba shuri, don duka ƙara masa faɗa yake. Amma fuskar ƙaramar yarinya daidai tsallensa take, kuma ƙaimi a ido ba wasa ba ne. Ka sa uwargida ta yi muku farfesunsa. In za ka sake wani a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, ɗauki matashi wanda ƙaiminsa bai fito sosai ba, kuma guda ɗaya ya ishi kaji 10.