Kafin ka sayi katin hoto, ka fara da maganar wuta

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana aikin tace bidiyon biki a nan Bauchi, kana son ka sayi kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya ka haɗa da hannunka, kana tambayar inda ya kamata ka fi zuba kuɗi. Na ga da yawa sun ce maka katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoton da kwamfuta ke nunawa a allo. Ni dai abin da ya same ni zan faɗa maka.

Kwamfuta ta farko da na haɗa a shagona na wajen Wunti, na ƙarar da kuɗina kan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita). Da na zo kan fawa sufulai, wato na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta, aljihu ya riga ya yi sanyi, sai na ɗauki wata marar suna. An rubuta 650W a jikinta, amma in ka ɗaga ta sakayau take kamar gwangwanin da ba komai ciki. Wata huɗu ta yi tana aiki. Ran nan bayan la'asar aka dawo da wuta da ƙarfi, sai na ji "fas", ƙaurin roba ya cika shagon. Fawa sufulan ta ƙone, ta tafi da madabod, babban faifan da ake jona sauran kayan a kansa. Bidiyon kamun wata amarya na ciki, ga 'yan'uwanta suna ta kirana. Allah ya rufa min asiri SSD ɗin da ke ajiye fayiloli bai taɓu ba, amma sati biyu na yi ba aiki.

Don haka ka nemi fawa sufulai ta kamfanin da aka sani, irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, mai tambarin 80 Plus Bronze, shaidar cewa ba ta ɓarnar wuta da yawa. 550W ta ishe ka ko da ka ƙara matsakaicin katin hoto nan gaba. Sannan ka ware kuɗin UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, tun yanzu, ka lissafa shi cikin kayan kwamfutar. In layinku wuta na yawan yin ƙasa, ka haɗa da sitabilaiza.

Sai dacewar kaya. Furosesa Ryzen 5 5600G zai yi maka, don yana fitar da hoto da kansa, ka fara aiki kafin ka tara kuɗin kati. Ka kula da harafin G ɗin nan: 5600 zalla ba ya nuna komai a allo sai da kati. Madabod ɗinsa mai mazaunin AM4 ne, kamar B550. In B450 ka samu, ka tabbata an sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin. RAM kuwa DDR4 ne, DDR5 ba zai ma shiga ramin ba. Ka sayi 8GB guda biyu maimakon 16GB guda ɗaya, in ramuka huɗu ne ka sa su a rami na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga furosesa.

Zafinmu na Maris da Afrilu ka san shi, yakan kai digiri 40, ga ƙurar hunturu. Ka zaɓi akwati mai raga a gaba da fanka biyu aƙalla, kada ka biye wa mai gilashi da fitilu. Kada ka ajiye kwamfutar a ƙasa. Ni duk wata nake hure tawa da bulowa, ina riƙe fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da ƙima.

In kayan na hannu ne, a kunna su a gabanka kafin ka biya. Ka juya furosesan a haske ka duba alluran ƙasansa, ko ɗaya kada ya lanƙwashe. Ranar haɗawa ka daidaita ɗan kusurwar zinaren da alamar da ke kan mazaunin, zai zauna da kansa, ba a dannawa.

Ka turo min jerin kayan kafin ka tura wa kowa kuɗi, in sha Allahu zan duba maka.