Kawu ya ce a kai ƙanena gidan mari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ƙanena yana da lalurar galahanga tun haihuwa, yanzu shekararsa 28. Yana wanka da kansa, yana sallah, amma bai san lissafin kuɗi ba, maganarsa kuma sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Babanmu ya rasu, Hajiyarmu ga hawan jini ga ciwon ƙafa. Wuni yake a dakali yara na tsokanarsa, har ya fara jifa. Kawu ya ce a kai shi gidan mari. Ina ake taimaka wa irinsu?
Daga wata 'yar'uwa, Jahun, Bauchi

AMSA: Wa alaikumus salam. Don girman Allah a bar maganar gidan mari. A 2019 'yan sanda sun buɗe irin gidajen nan a Kaduna da Katsina, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa, baya duk shatin bulala. Ƙanenki bai kangare ba, tsokana da zaman banza ne suka ishe shi.

Ku fara da Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A duba ido, kunne da haƙori, domin wanda bai iya faɗin inda ke masa ciwo ba, da fushi yake nunawa. In lalurar tasa irin wadda likitoci ke kira Down ce, a haɗa da gwajin zuciya da na maƙoƙo. Ki yi masa lambar NIN, sannan ki je hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta jiha a saka sunansa. Za ki tarar hankali ya fi karkata ga makafi, kurame da guragu, amma ki nace, haƙƙinsa ne. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna wa naƙasassu wariya, wanda ya karya ta kuwa tarar naira 100,000 ce ko wata shida a gidan yari, ko duka biyun.

Amma abin da ya fi damuna shi ne dakalin nan. Namiji mai shekara 28 yana buƙatar inda zai tafi da safe, inda za a ce "yau ina wane?" in bai zo ba. Ki nemi mai shago ko tela mai haƙuri a unguwa, wanda kuka san halinsa. A fara da abu ɗaya: jera kwalaben lemo a akwati, ko share shago. A nuna masa da hannu, a maimaita har ya zauna, kafin a ƙara wani. Ladan aikin a ba shi a hannunsa ya ji daɗinsa, Hajiya ta adana masa. Ki riƙa leƙawa ba sanarwa, don akwai masu mayar da irinsu bayi. Yaran kuma aikin mai unguwa da liman ne, su yi wa iyayensu magana.

Saura maganar da ba a son taɓawa. Tun Hajiya na da ƙarfi ku zauna ku tsayar da wanda zai riƙe shi bayanta. Gadonsa na babanku nasa ne, aya ta 5 cikin Suratun Nisa'i ta ce a ciyar da irinsu a tufatar da su daga dukiyar, a kuma gaya musu magana mai daɗi. A naɗa waliyyi, a rubuta gaban shaidu. Shi ma a tambaye shi gidan da yake so, ya fara kwana can jefi-jefi tun yanzu.