Buɗewar Ido, Tashen Balaga da Son Maso Wani

Wata ɗaliba daga Gwale ta ce a littafin da take karantawa an ce yarinya "idonta ya buɗe". Yabo ne ko suka?

'Yata, ya danganta da wanda aka faɗa a kansa. In ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yabo ne, wato ba a yi masa wayo. In kuwa budurwa ce 'yar shekara 15, an sakaya magana ne: ta san abin da lokacin saninsa bai yi ba, kunyar ƙuruciya ta kau. Kalma uku rak, an isar da saƙo ba tare da an tsiraita kowa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan game da wasu masu rubuta labari a waya yanzu. Sai su fayyace komai ɓaro-ɓaro, wai shi ne gwaninta. Littattafan soyayyar da suka cika Kano tun ƙarshen shekarun 1980, waɗanda aka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, sun sha zargin lalata tarbiyya, har aka ƙona wasu a 2007 ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Jihar Kano, wato A Daidaita Sahu. Amma nagartattunsu sun san harshe. Za ka ga saurayi a zaure bayan sallar isha'i ya aiki ƙanen budurwarsa ya kira ta. Ta fito, ta zauna can gefen tabarma, kai a sunkuye, tana murza bakin mayafi. Mai karatu ya gane so ya kama ta tun ba ta buɗe baki ba. Ku lura, "so ya kama ta" muke cewa, ko "ta kamu da sonsa". Wannan "ta faɗa cikin soyayya" da nake yawan gani aron Turanci ne, a daina.

Wani daga Fagge yana son asalin "tashen balaga". Balaga daga Larabci take, wato isa ko kaiwa munzali. Tashe kuwa namu ne, irin na abin da ke kan ganiyarsa. Lokacin ne muryar yaro ke buɗewa, ya fara daɗewa gaban madubi.

Wata malama kuma ta ce, karin maganar nan "son maso wani, ƙoshin wahala" fa? Malama, fassara ba ta ƙara masa komai. Sai dai ki dubi "ƙoshin": ba ɗanɗana wahalar ake yi ba, cika ciki ake yi da ita.

Mai tambayar bambancin "bege" da "so": bege sai wanda ba ya kusa.