Kilomita 300 a kwalekwale cikin kwana 10? Ga abin da na gani

Ɗan'uwa, ka ce kana da hutun kwana 10, kai da abokinka kuna son cin kilomita 300 a kwalekwale, kana tambaya ko zai yiwu. Na yi irin wannan tafiya sau huɗu, mafi tsawo kwana 12 muka yi a kan ruwa. Shawarata ku rage ta zuwa kamar 200, ku ware kwana biyu da ba ku tsara musu komai ba.

Kwalekwale mai ɗauke da mutum biyu da kaya, a ruwan da ba ya gudu, kilomita 4 zuwa 5 yake ci a awa. Wanda bai saba ba, awa biyar ko shida ne jikinsa zai jure kullum, wato kilomita 20 zuwa 30 a yini. A lissafi 300 ɗinku ta shiga da ƙyar, amma ba a sa iska a ciki ba.

Iska kuwa ita ce ta fi gasa mana aya a hannu. A tafiyata ta biyu mun shiga wani faffaɗan tafki da tsakar rana, iska tana dukanmu a fuska. Awa uku muna tuƙi, wata bishiya a gaɓa muna kallonta tana kallonmu, ko kilomita 4 ba mu cika ba. Tun daga ranar muka koma sammako. Da sassafe ruwa a kwance yake luf, sai rana ta gasa ƙasa iska take tasowa, yawanci daga hantsi zuwa yamma. Yanzu kafin ƙarfe 11 mun ci fiye da rabin tafiyar yini. In kuka ga igiyar ruwa ta fara fitar da farin kumfa, ko hadari ya haɗo da walƙiya, ku fita gaɓa ku zauna. Amfanin kwana biyun nan ke nan. Mutumin da ranar komawa aiki ta matsa wa shi ne yake shiga ruwan da ya san bai kamata ba, kuma na taɓa zama wannan mutumin, har yau gabana yana faɗuwa in na tuna.

Lodin kaya ma yana da ilimi. Mai nauyi a ƙasa, a tsakiya, komai a ɗaure, cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Ɓangaren da ya fi sauƙi shi iska take juyawa, don haka in daga gaba take zuwa, ku ɗan matsar da nauyi gaba. Ku riƙi filafili na uku. Ruwan sha lita 3 zuwa 4 kowa ke buƙata a yini, kowace lita kilo ɗaya ce, ba za ku ɗauki na kwana 10 ba. Abin tace ruwa ku tanada, ko ku riƙa tafasawa.

Na baya shi ne mai juya akala, kowa ya tuƙa a gefe daban, kuma da ƙugu ake tuƙi. In ka bar wa damtse aikin, a rana ta biyu hannunka ba zai ɗagu ba. Rana ta uku ce mafi ciwo, bayanta jiki yakan saki.

Rigar kariya daga nutsewa a jiki take zama, a ɗaure, ko da kun iya iyo. A kogi abu biyu nake tsoro. Bishiyar da ta faɗo cikin ruwa, domin ruwa yana ratsa rassanta ya wuce, mutum kuwa a nan yake maƙalewa. Sai ƙaramar madatsa: ruwan da ke ƙarƙashinta juyawa yake, yana mai da abin da ya faɗa masa baya. Ku duba taswira tun a gida ku san inda madatsun ruwan suke, ku fito ku ɗauki kwalekwalen ku zagaya ta gaɓa. In kuka kife, kada ku tsaya a gabansa ruwa na turo shi kanku, cike da ruwa nauyinsa ɗaruruwan kilo ne.

Da dare ku jawo shi sama sosai ku ɗaure. Ruwan sama da aka yi can nesa kan cika kogi kuna barci. Ku kuma bar wa wani a gida hanyar da za ku bi da ranar fitowarku.

Kafin hutun, ku yi gwajin kwana ɗaya da cikakken kayanku, ku kifar da kwalekwalen da gangan kusa da gaɓa, ku ga yadda ake kwalfe ruwa a koma ciki. Sannan ka faɗa mini, kogi ne ko tafki? In kogi ne mai gudu kuma za ku bi shi ƙasa, kilomita 250 ma za ta yiwu.